Tsohon Kuku da Kominsa Ɗaya

Tun da ka ce kai ba ka bambanta kowa a cikin waɗanda Allah ya ɗora maka nauyinsu, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani mutum, kuku ne a wata makarantar kwana. Shekara talatin yana tuƙa tuwo a tukunya ɗaya yana raba wa yara ɗari huɗu, kuma abin alfaharinsa shi ne ludayinsa bai san ɗan mai hali ba, bai san ɗan talaka ba. Yadda ya zuba wa na farko, haka yake zuba wa na ƙarshe. Da ƙarfi ya fara gazawa sai ya ajiye aiki ya koma ƙauyensu, ya tattara ɗan abin da aka sallame shi da shi ya sayi saniya mai ɗan maraƙi, da tumaki biyu, da awaki uku, da 'yan kaji. A kansu ya jingina tsufansa, don ba shi da wata madogara. Ya sa aka sassaƙa masa wani dogon komi. Kullum da safe sai ya haɗa dusa da angurya da tsakin dawa da yankakken kara, ya yayyafa ruwa, ya cakuɗa da hannunsa, ya kira su gaba ɗaya. A wurinsa wannan shi ne adalci.

Ba a yi wata biyu ba gidan ya sauya. Saniya takan lashe nata nan da nan ta tsaya tana kuka, nononta ya ja baya har maraƙin ya fara ramewa. Awaki kuwa in suka tarar kaza ta riga ta taka cikin komin, sai su shinshina su kau da kai, su tafi cin dangar mutane. Kaji suka rage ƙwai, wanda suka yi ma ɓawonsa ba ƙwari, yana fashewa a hannu. Mutumin ya zaci haɗin ne bai yi nauyi ba, saboda haka ya juye dawa tiya uku a ciki. Washegari da hantsi ya tarar da tunkiyarsa mai ciki a kwance, cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ta daina tuƙa, sai nishi. Salatin da ya saka ne ya fito da maƙwabciyarsa, wata tsohuwa da ta tashi a cikin kiwo. Ba ta tsaya tambaya ba. Ta jiƙa kanwa, ta haɗa da man gyaɗa, ta ɗura wa tunkiyar, ta sa ya riƙe ta a tsaye, ita kuma tana murza cikin, har dabbar ta yi wata doguwar gyatsa ta buɗe ido. Sannan tsohuwar ta leƙa komin, ta ɗebo haɗin ta duba, ta tambaye shi wa yake yi wa wannan. Ya ce, "Dukkansu, Iya, ba na son in fifita wani." Ta karkaɗe hannunta ta ce, "Gobe ka kai su fadama. Kada ka kora, kada ka kira. Zauna kawai ka duba."

Haka ya yi. Ya zauna a gindin wani gawo tun safe har rana ta take tsaka. Ya ga saniya ta nufi inda ciyawa ta yi tsawo, tana naɗe ta da harshe tana fizga, ba ta ɗaga kai ba sai da ta cika ciki, sannan ta kwanta a inuwa tana tuƙa a hankali. Tumaki suka bi bayanta suna tsinkar gajerar da ta bari. Awaki ko kallon ƙasa ba su yi ba, sai suka ɗaga ƙafafun gaba suka dafa magarya, suna zaɓen ganye ɗaya-ɗaya a tsakanin ƙaya. Da ya dawo gida ya sami kajinsa a gindin katanga suna tonon gara. Ya daɗe a tsaye yana kallonsu, kunya ta kama shi, don ya gane abin da kowannensu yake so tun farko yana nuna masa, shi ne bai duba ba.

Daga ranar ya bar wa saniya komin ita kaɗai, da kara da ciyawa mai yawa da ɗan angurya. Tumaki ya ware musu harawa, hatsi kuwa sai cikin tafin hannu. Ya riƙa ɗaure wa awaki ganye a igiya yana ratayewa, su ci a tsaye yadda suka saba. Kaji ya watsa musu tsaki, ya kife musu tukunyar tarkon gara a bayan gida. Aikin ya ƙaru, hannunsa ya yi kanta, amma kafin damina ta zagayo maraƙin yana tsalle a tsakar gida, tunkiyar nan ta haifi tagwaye, kuma ƙwarya ta farko da ya cika da ƙwai gidan tsohuwar ya kai da kansa.

Ka ga zuciyarsa mai kyau ce tun farko, ido ne bai buɗe ba, da ya buɗe kuwa kowa ya ƙoshi. Shi ya sa Hausawa suka ce, abincin wani gubar wani.