Gyaran da Ba a Sa Shi Ba

Tunda ka dage cewa duk wanda bai so abin da kake so ba bai san daɗi ba, matso ka ji abin da ya sami wani mai gyaran jita. Mutumin nan gwani ne, ba zan rage masa komai ba. A kawo masa jita wuyanta ya karkace ko cikinta ya tsage, ya manne, ya ɗaure, ya goge, ka rantse yau ta fito daga kanti. Sai dai yana da ra'ayi guda da ba ya sassautawa: a wurinsa muryar jita ita ce wadda katako ya fitar da kansa. Yakan taɓa tsirkiya ɗaya, ya lumshe ido, ya bi sautin har ya mutu a cikin katakon. In kuwa ya ji an jona jita da waya an kai ta lasifika, sai ya yamutsa fuska kamar wanda ya tauna tsakuwa a shinkafa, ya ce wannan ai ihu ne, ina kiɗa a nan? To yana da amini makaɗi, tun suna samari suke tare, kuma in jitar makaɗin ta sami matsala babu hannun da ke taɓa ta sai nasa. Shi kuma makaɗin Allah ya yi shi da son amo. So yake in ya kaɗa ya ji abin yana dukan ƙirjinsa, na bayan fili ma su ji a jikinsu. Sun sha musu a kan haka, su tashi suna dariya.

Ana nan sai direbobin tashar garin suka kira makaɗin ya yi musu wasa a bikin shugabansu, taron da bai taɓa samun irinsa ba. Ya kai wa amininsa jitar, ya ce ya duba masa wata 'yar tsaga a wuyanta, shi ke nan. Mai gyara ya manne tsagar. Da a nan ya tsaya, da babu labari. Amma ya leƙa cikin jitar, ya ga ɗan siririn ƙarfen nan mai ɗaukar sauti da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tsirkiyoyi, ga waya a nannaɗe a ciki, sai abin ya ba shi haushi. Katako mai kyau irin wannan a ce an sa masa takunkumi? Ya zare ƙarfen, ya cire wayar, ya bar bakin da ake jonawa daga waje don kada a ga rami. Ya taɓa tsirkiya. Kai! Sauti ya fito garau, mai taushi, har tsigar jikinsa ta tashi. Ya ce a ransa ba zai faɗa ba, bari mutumin ya ji da kunnensa a gaban jama'a, zai dawo ya yi godiya. Ranar biki makaɗin ya biyo a gurguje, ya ɗan kaɗa, ya ce hannunka akwai albarka, ya sa a jaka ya wuce.

Bayan la'asar mai gyara ya sa kayansa masu kyau, ya je ya tsaya a sahun gaba. Fili ya cika maƙil, janareto na ruri, motoci na ham, mata na rangaɗa guɗa. Makaɗi ya jona waya, ya ɗaga hannu, ya sauke a kan tsirkiya da ƙarfinsa. Lasifika ta yi tsit. Ya murɗa nan, ya murɗa can, ya sake waya, ya harari mai janareto, a banza. Mai gyara da ke kusa yana ɗan jiyo jitar, kuma wallahi daɗinta na nan, har ya juya yana cewa jama'a su yi shiru su saurara. Wa zai yi shiru? Mutanen da suka wuni cikin ƙarar inji, rawa suka zo takawa, kiɗan da zai girgiza su suke so. Aka fara ihun ba ma ji, ba ma ji. Can wani ya ce a sa musu waƙa a na'ura kawai, aka sa, fili ya ɗauki rawa, aka bar makaɗi tsaye da jita rataye a wuya, gumi na zuba. Ya sunkuya ya leƙa cikinta. Sa'an nan ya ɗago ya ƙura wa amininsa ido.

Washegari makaɗin ya zo shago. Mai gyara, don ƙarfin hali, ya fara cewa, amma dai ka ji yadda muryarta ta fito ko? Makaɗin ya ce, "Na ji. Kai ta yi wa daɗi. Ba ni ƙarfena da wayata." Ya karɓa ya tafi, bai yi zagi ba, bai kuma sake tako ƙofar nan ba. Magana ta bazu cikin makaɗa cewa in ka kai wa wane jitarka, da kunnensa zai gyara maka, ba da naka ba.

Ka lura, ban ce maka kunnensa ya yi ƙarya ba. Sautin katako da daɗi, wanda ya so shi ya yi gaskiya, wanda ya so na lasifika shi ma ya yi gaskiya. Amma mai gyara ya ɗauki son ransa ya cusa a kayan wani, ya sayar da amincin shekaru a kan haka. Hausawa sun riga sun gama magana: abincin wani, gubar wani.