Agwagwar Inna Kande

Daren jiya na ji ana tafa hannu raf-raf a ƙofar gida, na leƙa ban ga kowa ba. Ashe sabuwar motar jikata Tasalla ce. Tun da aka ce sai wanda ya ci wasan tseren mota na waya ake ba lasin, motoci suka koyi tafa wa direba.

Da safe Tasalla ta ce, "Angona, shigo in kai ka kasuwa."

"A hankali dai, amarya, ƙashina ya tsufa."

Muna shan kwana sai ga agwagwar maƙwabciyarmu Inna Kande a tsakiyar hanya. Tasalla ba ta nemi birki ba. Babban yatsa kawai take dannawa a gefen sitiyari, inda a wasa ake mayar da komai baya.

Agwagwa ta fito ta ƙarƙashinmu tana masifa, ba gashin wutsiya. Muka tsaya, kowa na dariya, motar ma ta tafa.

Inna Kande ta leƙo ta tagar motar, ta dubi yatsan Tasalla, har yanzu yana dannawa.

"'Yar nan, da jikana ne ya gitta, wannan dannawar za ta dawo min da shi?"