Yatsa Huɗu Daga Kwalta

Yatsa huɗu ne kacal tsakanin cikin motar da kwalta. Alhaji Musaddiq da kansa bai san haka ba, sai ranar da ya tsaya sayen gasasshiyar masara a Rafin Kanya, wani ƙauye tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Wani dattijo magini, Malam Jibrin, ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashinta ya auna.

"Ranka ya daɗe, wannan mota ce ko jirgi?"

Da ma Alhaji mai tambaya yake nema. Ya gyara tsayuwa ya shiga bayani. A Turai aka ƙera ta da hannu, a kamfanin da ya fara da motocin tsere tun zamanin kakanni, kuma guda arba'in ce tak a duniya. Injin a baya yake, silinda goma sha biyu. Jikinta ba ƙarfe ba ne, wani baƙin zare ne aka saƙa aka gasa. An kwantar da ita ƙasa ne don iska ta danne ta idan ta ɗauki gudu.

"To, in ta zo tudun rage gudu fa?"

"Akwai abin da nake dannawa ta ɗaga hanci, amma sai ana tafiya a hankali. Shi ya sa nake son garin nan naku, Baba. Juma'a mai zuwa zan kawo abokaina su ga gudun kilomita ɗari biyu da hamsin da idonsu."

Gaskiyarsa. Daga gidansa na Bebeji har Doguwa babu ƙauyen da bai datse titi da tudu ba sai Rafin Kanya. Tun yana hawan baƙar jif a nan yake sakin ƙafa, har ya taɓa komawa gida da fasasshiyar fitila ya ce akuya ya buge. Mutum ne da kuɗi suka toshe wa kunne, ko a jikinsa in an yi tir da shi.

Malam Jibrin ya shafa jan fentin motar, ya yi mata addu'a, ya koma bakin aikinsa.

Ranar Juma'a da hantsi abokai suka jeru a gefen titi, kowa ya ɗaga waya. Tun daga nesa aka ji rurin injin, kaji suka watse. Alhaji ya sha kwana ya take totur, allurar gudu ta wuce ɗari da tamanin. A lokacin ya hango shi: sabon tudu daga wannan gefe zuwa wancan, an shafe shi da baƙin mai har ya saje da kwalta.

Ƙarar ta kai gonaki. Hancin motar ya tarwatse, cikinta ya yage, ta yi juyi biyu ta faɗa cikin dawa, mai yana tsiyaya. Allah ya yi da sauran kwana, Alhaji ya rarrafo da jini a goshi, ya waiwaya ya dubi abin da ya rage, sai ya fashe da kuka.

Mutanen gari suka fito suka tsaya. Ko ruwa babu wanda ya miƙa masa.

"Wane ɗan iska ne ya gina wannan? Sai na ɗaure shi!"

Mai unguwa ya matso, ya yi magana a natse.

"Alhaji, mu a nan ba a yin tudu sai inda mota ta kashe mutum, kuma gidan mamaci ne ke sa ranar ginin. Shekara uku muna roƙon Malam Jibrin ya sa rana, tun da baƙar jif ta take 'yarsa Bushira ta wuce ba ta tsaya ba. Kullum sai ya ce a dakata, jif ba ta jin tudu."