Biskotin Orsolina da Haƙorin Fada

Orsolina ta zaro sandunan ƙullun daga obin, ta yayyanka su a karkace, ta sake mayar da su ciki. Kowa sau biyu yake gasa biskoti, busasshen biskit ɗin ƙasarsu, ita kuwa sai ta ƙara na uku, wai a nan sirrin yake. Almon mai kama da gyaɗa, busasshen ɓaure, zabibi, ɓawon lemu, duk da ka take zubawa. Ba ta taɓa awo ba, ta ce hannunta ne ma'auni.

Duk ƙauyen Montelippa an san hannun nan. Tun gashinta na baƙi take cinye gasar biskoti a bikin cocinsu, maƙwabciyarta Fedora kuwa a ta biyu ta tsufa. Abin da ke damun Orsolina kawai ɓeraye ne, don kowace shekara in biki ya matso sai buhun almon ɗinta ya zabge.

Bana aka samu tangarɗa. Mijinta Gualtiero ya faɗo daga bishiyar zaitun ya karye a ƙafa. Shi ne mai kai mata farantin coci kullum, bayan ya wuni ranar jajibiri a kulle cikin rumfar bayan gida, yana fama da tsohon baburinsa da har yau bai tashi ba. Yakan fito da ƙuna a yatsu, ya ce salansa ce.

Da safen biki ta kawo masa guda biyu ya ɗanɗana. Ya tsoma ɗaya a kofi kamar yadda ya saba, ya bar shi a ciki har kofin ya huce.

"Orsolina, ki haƙura da gasar nan bana," ya ce. "Ki bar Fedora ta ci sau ɗaya, baiwar Allah."

"In bar wa Fedora? Wai ƙafa ka karya ko kai?"

"To ba ni farantin, ko da rarrafe zan kai."

"Kwanta, tsoho. Na san hanyar coci."

Ta rufe farantin da farin ƙyalle, ta ɗauka da ƙyar, ta fita. Ba ta taɓa sanin yana da nauyi haka ba.

Fada Ermete, limamin cocin, shi ne alƙalin gasa, kuma ko karin kumallo ba ya yi ranar, don ya bar wa biskotin Orsolina wuri. Ya wuce teburin Fedora yana gyaɗa kai, ya iso nata yana murmushi tun daga nesa. Ya zaɓi mai ɓaure da yawa, ya lumshe ido, ya gatsa.

Har masu busa a bakin ƙofa sun ji ƙarar. Fada ya buɗe ido a hankali, ya tara tafin hannu, ya tofo haƙorinsa na gaba. Biskotin ko ƙwarzane babu.

"Ikon Allah," in ji Fedora. "Maƙwabciya, siminti kika tankaɗe bana?"

"Ke kika sauya min faranti, munafuka!"

"Ni? Da wane ƙarfin zan ɗaga shi?"

Dariya ta ɓarke. Orsolina ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Fada kuwa jini na zuba, ya dafe baki da ƙyallen farantin. Likitan haƙori sai a birnin Prato, bas ba ya zuwa ranar biki, motocin gari kuma rumfunan 'yan kasuwa sun tare su a fili. Duilio mahauci, wanda ya ɗan san kan inji, ya ce in da za a samu babur, shi zai goya Fada.

"Akwai na mijina," Orsolina ta ce da sauri, ko ta wanke kanta. "Shekara da shekaru yana gyaransa, ai ya kusa tashi."

Suka ɗunguma gidanta, Fada a tsakiya, Fedora a gaba don kada komai ya wuce ta. Gualtiero ya hango su ta taga, ya shiga ɗaga sandarsa.

"Kada ku buɗe! Babu mai a ciki! Babu ma taya!"

"Yi mana shiru, Fada na zubar da jini!" Orsolina ta daka masa tsawa.

Duilio ya ɓalle kwaɗon da guduma. Wani ƙamshi ya tarbe su, wanda duk mai zuwa bikin ya sani. Orsolina ta kutsa ciki, ta kama tamfol ɗin da ya lulluɓe abin da ke tsakiyar rumfa, ta fizge.

Babu babur. Obin ne ƙarami, tsaf da shi, da ma'auni da kwanon almon ɗinta a gefe, a jikin bango kuma ga kantar kayan Gualtiero a ɗore kan ginshiƙai biyu, waɗanda ya gina da biskotinta na duk shekarun da ta ci gasa.