Ɗigon Mai Mai Faɗin Santimita Huɗu

Karo na uku ke nan cikin wata guda da Malam ya durƙusa gaban motarsa da rula a hannu. Ɗigon mai yana nan a kan siminti, daidai ƙasan inji, faɗinsa santimita huɗu. Ya rubuta da jan biro.

Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da lissafi, motar kuwa ta girmi aikin. Ba ta taɓa yoyo ba sai bana.

Matarsa ta ɗago kai daga keken ɗinkinta ta ce ai sai ya koma wurin makaniken da ya gyara motar. Malam ya ce komawa dole, amma wannan karon takardar ban haƙuri yake so, da sa hannu. In babu, zai kai ƙara ƙungiyar makanikai, kuma ƙafarsa ba za ta sake taka garejin ba. Ita ce fa ta ce a can kaɗai aka iya gyaran tsofaffin motoci, har yake wuce gareji shida kafin ya isa.

Makaniken bai yi musu ba. Ya gaida Malam a ladabce, ya hau da motar kan rami, ya juye mai, ya kwance notuka goma sha huɗu, ya sauke kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji. A gindinsa akwai baƙar dauɗa mai kauri.

Malam ya gyara tabarau, ya shiga tambaya kamar mai jarrabawa. Makaniken ya murza dauɗar tsakanin yatsu: ba tsakuwa. Ya ratsa maganaɗisu a ciki: ba garin ƙarfe, wato inji ba ya cin kansa. Launinta ba na madara ba ne, saboda haka ruwa bai shiga ba. Tsufa ne kawai da ƙarancin tafiya.

Saura kaɗan Malam ya ce "daidai". Ya haɗiye. A ganinsa makanikai mutane ne da suka gudu daga aji, kuma bai saba ba su maki ba.

Aka wanke kaskon da fetur, aka kankare bakinsa, aka shimfiɗa sabon gaskit mai hana yoyo. Makaniken ya ɗaure notukan daga tsakiya zuwa gefe, wannan da na gabansa, a hankali, sau biyu. Malam yana ƙirgawa a bayyane. A haka suka shafe awa biyu, har aka kawo shayi, kuma Malam ya manta ya ƙi.

Sannan ya zaro hujjarsa: farin hankici da ya dangwala a ɗigon safiyar. Makaniken ya duba tabon, siriri, garau kamar ruwan zuma. Ya dubi baƙin man da ya juye. Ya ɗaga girar hagu. Malam ma ya ɗaga tasa ta hagu, yana jiran bayani.

"Laifina ne, Malam," in ji makaniken.

Ya rubuta takardar. Malam ya gyara masa kuskure biyu da jan biro, ya ce da an tsaya an ƙarasa makaranta da ba haka ba. Amma rubutun hannun bai lalace ba, wannan kam ya yarda. Ƙara kuma ya jingine ta. Zai dawo mako mai zuwa ya ga ko aikin ya riƙe.

Motar ta fita tana kaɗa baya. Makaniken ya goge hannunsa, ya ɗauki waya.

"Yau har shayi ya sha, bayan shekara bakwai ba magana," ya ce. "Amma don Allah, Mama, ki daina ɗiga man keken ɗinkinki a ƙarƙashin motar. Zan aiko miki da baƙin mai, Baba ya kusa ganewa."