Kwanon Irin Gero

Ina 'yar shekara takwas, irin geronmu kwano ɗaya ya rage. Baba yana shakkar yin binne, wato shuka kafin ruwa ya sauka, don in ruwan ya yi jinkiri mun yi asarar irin.

Da la'asar muna bakin gona, aka ce a rediyonsa tauraron ɗan'adam ya hango hadari yana tafe. Baba ya fuskanci gabas, ya lumshe ido, ya shaƙi iska.

"Uwata, tauraron nan bai yi ƙarya ba. Miƙo kwanon."

Bayan kwana biyu ruwa ya sauka, gero ya tsiro.

Yau hotunan tauraron nake nazari a wurin aiki. Amma kafin in ce wa manoma su yi shuka, sai na buɗe taga tukuna.