Mariƙin Ƙofar Da Ya Cije

Aminiyata Tasalla, tunda kin ce jinyar nan ta fara fin ƙarfinki, matso ki ji wani misali, ko Allah Ya sa ki ƙaru da shi.

An yi wani kafinta mai alfahari da hannunsa, irin mutumin da bai taɓa cewa a miƙo masa komai ba. Sai Allah Ya jarrabe shi da shanyewar ɓarin jiki na dama. Da ya ɗan farfaɗo, matarsa ta koyi tuƙi da tsohuwar motarsa, ita ke kai shi asibiti gashin hannu, ita ke kai shi masallacin Juma'a. To, mariƙin ƙofar da yake zama kusa da ita, na ciki, na roba ne, kuma ya daɗe da cijewa. Mai lafiya ma sai ya fizga da ƙarfi, balle mai hannun da ke rawa. Duk inda suka tsaya sai ta fito, ta zagayo ta buɗe masa ta waje, yana zaune kansa a sunkuye, abokansa na kallo. Wata Juma'a ta fito da motar, ta koma ɗaki ta ce ya taso, sai ya juya wa bango fuska ya ce, "Mayar da ita. Wanda ƙofa ta gagara, ina shi ina shiga jama'a?" Daga ranar ya bar masallaci, ya bar gashin, hannun kuwa ya shiga sandarewa.

Matar ba ta yi masa musu ba, amma ta ƙudura a ranta ba ƙofa ce za ta zaunar mata da miji a ɗaka ba. Da farko ta yi abin da ta sani, ta ɗebo man gyaɗa daga kicin ta ɗiga a gindin mariƙin. Ya yi laushi, ta yi murna. Ashe murna ce ta koma ciki, don ba a jima ba ƙurar hanya ta haɗu da man, ya zama danƙo, abin ya fi da cijewa. Wani maƙwabci ya ce ai baƙin mai za ta zuba, shi ne maganin kowace mota. Ta ce a ranta, na yi gaggawa sau ɗaya, ba na ƙarawa. Ta ɗauki motar ta je wurin bakanike, ba don ya gyara ba, don ta tambaya. Ya ce, "Hajiya, roba ba ƙarfe ba ce. Man da ƙarfe ke so, ita cinye ta yake yi. Sai an wanke dauɗar tukuna, sannan a shafa mata man silikon, ɗan kaɗan." Ya nuna mata yadda ake cire marfin mariƙin, ta sayi man, ta koma gida.

Da hantsi, idan maigidan ya kishingiɗa, sai ta zauna a motar da tsohon buroshin haƙori, da auduga, da ruwan sabulu. Ta goge, ta tsane, ta bari ya bushe, ta sake dubawa ta ga da saura, ta koma. Man gyaɗan da ta zuba da hannunta ya fi komai wahalar fita. Farcenta ya karye, bayanta ya ƙage, tana yi tana salati. Da ta tabbata robar ta yi fes, ta lakato man a kan tsinke, bai kai ƙwayar gero ba, ta shafa inda roba ke gugar roba, ta yi ta ja tana saki har ya ratsa. Ta gwada da ɗan ƙaramin yatsanta na hagu. Ƙofa ta buɗe kamar dama jira take.

Ranar Juma'a ta roƙe shi ya raka ta kawai, ko ba zai sauka ba. Da suka tsaya a bakin masallaci ba ta fito ba, ta tsaya gyaran mayafi, tana jan lokaci. Shi kuwa da ya gaji da jira, ya kai hannun nan mai rawa cikin fushi ya taɓa mariƙin. Ƙofa ta buɗe. Ya dubi hannun, ya dube ta, ya ce, "Ke, kin gani? Hannun nan ya fara dawowa!" Ta ce, "Alhamdu lillahi, Malam." Ya sauka da kansa. Washegari shi ya riga ta shiga mota don zuwa gashi, kuma da ya dage, hannun ya dawo da gaske, har yana riƙe guduma.

Don Allah, Tasalla, maganar nan ta tsaya tsakanina da ke, ko 'yarki kada ta ji, domin har yau mutumin nan bai san an taɓa ƙofar ba. Ke dai ki koma wurin marar lafiyarki da abin da magabata suka ce: mai haƙuri yakan dafa dutse, har ya sha romonsa.